Gidan da Ba a Ƙara wa Ɗaki

Kun gan ta, kada ma ku fara rantsuwa. Duk mai bin lungun da ya gangara daga kasuwar Nima zuwa gadar babban gwata ya gan ta: doguwar mace, siririya, rungume da wani abu mai faɗi a cikin mayafi kamar mai tsoron iska ta taɓa jariri. Ta yi sallama a ƙofar gidanku, ta roƙi a kunna mata bidiyon bikin wani ko na sunan wani, ta zauna ta kafa kunne. Ba ta kallon amarya, ba ta kallon malamai. Ku kuwa kuka ce aikatau a Kuwait ne ya taɓa mata kai, kuka miƙa mata ruwa, kuka kawar da fuska kuka ci gaba da tsinkar ganyenku. Ba wanda ya tambaye ta me take saurare. To, ga abin da take saurare.

Sunanta Fusena, 'yar Mma Zelia mai abincin taro. In kun manta da 'yar, ba ku manta da uwar ba, don shekaru da yawa babu aure, babu suna, babu addu'ar mamaci daga Nima har Maamobi da aka yi ba tare da tukwanen Mma Zelia a bayan rumfa ba. Tuwon zafi da miyar ayoyo, shinkafa da wake, ga muryarta a bisa komai tana korar yara daga bakin wuta. Ɗanta Mutala, yayan Fusena, shi ne mai ɗaukar bidiyo. Uwa tana baya tana tuƙa tuwo, ɗa yana gaba da kyamara a kafaɗa.

Mutala ba ya yar da komai. Bayan ya ba masu biki nasu, yakan ajiye asalin ɗaukar a kwamfutarsa, don ya san halinmu: waya za ta faɗa gwata, faifai zai karce, sai bayan shekaru a dawo ana cewa, "Mutala, don Allah ko kana da muryar tsohuwata?" Yana da ita kuwa. Kowane gida da wurinsa a cikin na'urar, kuma ɗakuna yake kiran wuraren nan. Ɗakin gidan Kotokoli. Ɗakin Alhaji Kadiri. In wani ya rasu a unguwa sai ka ji ya ce, "Yau mun yi baƙo, bari in share masa ɗaki."

Ba raha kawai yake yi ba, a irin gidan ya tashi. Kakansu, tsohon ɗan sandan zamanin Turawa, ya gina gidan da 'yan ɗakuna kaɗan. Amma duk baƙon da ya sauka daga Bawku ko Sokode ko Dosso da buhunsa a ka, sai a nemo katako da kwano a ƙara ɗaki. Aka ci tsakar gida, aka ci bayan gida, aka hau sama. Ran da wuri ya ƙare ƙaf, maigida ne yake naɗe tabarmarsa ya koma zaure da iyalinsa, baƙo ya shiga ya kwanta. Haka ake zaman zango. Fusena ba ta taɓa jin an ce wa mutum babu wuri a gidan nan ba.

Tana Kuwait uwarta ta rasu. Matar gidan da take wa aiki ta ƙwace mata waya tun ranar da ta sauka, saboda haka labarin ya same ta ne ta wayar wata 'yar unguwar Madina ta nan gida da ke aiki a maƙwabta, tana tsaye a bayan kwandon shara. Mutala ne a ɗaya ɓangaren, muryarsa a dushe.

"Mma ta bar miki magana. Na ɗauka, tana ɗakinta."

"Kunna mini in ji, Yaya."

"Ta hana. Ta ce sai kin zo gida ki ji a zaune, ba a tsaye a kicin ɗin wasu ba."

Da wannan maganar Fusena ta ƙarasa abin da ya rage mata na kwantiragi. In tana goge benen mutane sai ta riƙa ƙirƙira wa kanta abin da Mma ta ce. Wata rana yafiya ce, wata rana faɗa ne a kan tafiyar da ta yi ba da son uwar ba, wata rana kuma sirrin miyar ayoyo kawai.

Da ta dawo, tun ba ta kwance jaka ba ta ce a kunna. Mutala ya ce ta huta tukuna. Washegari ya ce na'urar ba caji. Bayan nan ya ce akwai aikin aure a unguwar Madina da ake jira. Kullum gobe. Ta lura ba ya haɗa ido da ita, ta ɗauka tsoron kukanta yake ji. Ana cikin goben nan zazzaɓi ya kama shi, aka ce maleriya ce, aka ce ba ita ba ce, aka kwashe shi zuwa asibiti. Kwamfutar tana jone a bango lokacin da aka fita da shi. Aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi irin wanda ke fasa ƙwan fitila, ba wanda ya tuna ya zare waya. Mutala bai dawo ba. Na'urar ma, da Fusena ta danna ta bayan an share makoki, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Ranar da aka zauna maganar gado, Malam Osumanu limamin lungun ya dubi 'yan kayan mamacin: kyamara, babur, kwamfuta siririya mai launin azurfa. Ya ɗora yatsa a kan kwamfutar.

"Wannan ba za ta shiga rabo ba tukuna. Ƙarfen na magada ne, amma abin da ke ciki amanar mutane ce. Sai an mayar wa kowa nasa, sannan yaron nan ya kwanta da sauƙi."

Mutane kuwa sun fara zuwa. Su yi gaisuwa, sannan su tambaya. Hajiya Lariba, matar marigayi Alhaji Kadiri, da sandarta ta zo.

"'Yata, Alhajina yana ciki. Wayar da jikokina suka sa mini shi, ɓarawo ya fizge a motar haya. Ba ni da muryarsa ko'ina sai wurin yayanki."

Fusena ta ce to. Ba ta gaya wa kowa cewa ita ma tata uwar tana ciki ba, da maganar da ba ta ji ba.

A kwanakin nan ne ta fara jin ƙarar. Da rana tsaka, bayan azahar, lokacin da gidan ke mutuwa don zafi, sai ta ji wani gunaguni daga ɗakin Mutala, kamar taro a bayan katanga. Ta shiga, ba kowa. Ta kara kunne a murfin na'urar, ƙarfen da sanyi, amma gunagunin yana nan can ƙasa, mutane da yawa suna magana a hankali a wuri matsattse. Wani lokaci a cikinsa takan ji kamar ana kankare gindin tukunya da ludayi. Ta naɗe na'urar a mayafi ta nufi unguwar Kokomlemle.

Can shagon Tajudeen yake, ɗan kawunsu, abokin wasanta tun suna yara. Yana sayar da kwamfutoci na hannu da ake kawowa daga Turai. Da ya hango ta ya ware hannu.

"Matata ta Kuwait! Kin zo da tsaraba ko kin zo da yunwa?"

Ta buɗe mayafin. Wasan ya mutu a bakinsa. Shi ya sayar wa Mutala ita.

"Ba gyara nake so ba, Taju. Buɗe cikinta kawai ka ciro mini faifan."

Ta san abin da take faɗa. Tsohuwar kwamfutar Mutala baƙa ce, mai nauyi kamar dutsen niƙa, kuma ta sha ganin ya kifa ta a tabarma, ya kwance noti, ya zare faifai ya sa wanda ya fi shi girma. In ta fara nawa sai ya ƙara mata ƙwaƙwalwa, wani ɗan sanda kore da yake dannawa ya ce ƙas. Sau nawa na'urar ta mutu, mutanen ciki suna fita lafiya su koma sabon gida.

Tajudeen ya sosa ƙeya. "Wannan ba irin waccan ba ce. Zo mu hau sama wurin Rabi."

Rabi'atu mai gyara a saman benen take. Tare suka yi makarantar allo da Fusena kafin ta wuce kwalejin fasaha. Ta rungume ta, ta yi mata gaisuwa, sannan ta kifa na'urar ta buɗe. Ta jawo fitila ta haska wani faranti kore, ta nuna wasu baƙaƙen 'yan murabba'ai, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba.

"Ga ƙwaƙwalwarta, wadda take tunani da ita. Ga ma'ajiyarta, inda mutanenku suke. Duka an liƙe su da dalma a jikin farantin tun daga masana'anta. Ba a zarewa, ba a ƙarawa."

"To ki narka dalmar ki ɓamɓaro su."

"In na ɓamɓaro na kai wata na'ura, shirme za ta karanta. An kulle su, mabuɗin kuma yana cikin wannan." Ta taɓa wani murabba'in. "Tare aka haife su, tare za su mutu. Ki tambayi mijinki na wasa, shi ke yabon su."

"Rabi, kada ki fara," in ji Tajudeen. "Mutala ya yi shekaru yana yawo da waccan tsohuwar a jaka a babur, kafaɗarsa har ta karkace. Duk ramin da ya faɗa a titin Nima sai ƙwaƙwalwar ta motsa, na'ura ta ɗauke a tsakiyar aiki. Wannan fa? Ba abin da ke motsi a ciki. In an ɗauke wuta tun safe tana aiki har la'asar. Tana haɗa bidiyo kafin ki gama shan koko. Kuma in ɓarawo ya sace ba zai zare faifai ya kalli matan mutane ba. Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba. Rabin gaskiya ka faɗa, ka sayar da sauran."

"Cikin masu sayen kwamfuta, nawa ne suke buɗe cikinta? Faɗa mini tsakani da Allah."

"A can Turai ba sa buɗewa, don in ta fara tsufa sai su yar su sayi sabuwa. Ina take zuwa in sun yar? Shagonka. Mu ne muke zama da ita a tsufanta, Taju. Mu ne masu buɗewa. Wanda ya ƙera ta ya yanke mata girman ciki tun ranar haihuwa, don ya san ba shi zai ga ranar da za ta cika ba."

"To in koma sayar da dutsen niƙa? Abin da ke zuwa a kwantena shi nake sayarwa. Samarin nan in ba siririya ba ce ko kallo ba sa yi."

"Ka gaya musu dai. Ka ce gida ne mai kyau, amma an zuba wa ƙofar siminti."

"Ku bar musun nan," in ji Fusena. Ba ta ɗaga murya ba. "Uwata tana ciki."

Suka juyo gare ta. Ta gaya musu maganar da Mma ta bari. Tajudeen ya sunkuyar da kai. Rabi'atu ta daɗe tana kallon farantin, kamar akwai abin da ya taɓa mata zuciya ta kasa kama shi.

"Hanya ɗaya ce," ta ce. "Sai an tashi farantin da kansa. Wutar ta ƙone wurare da yawa. Zan sa a nemo mini gawar irinta a wurin masu bola na Old Fadama, in ciro abin da ya ƙone in dasa. In Allah ya so za ta buɗe ido. Amma ki ji ni da kyau, Sista, ba tashin lafiya ba ne. Irin na majinyaci ne da ya farka ya sha ruwa ya yi sallama."

Aka yi kwanaki ana neman gawar. Da ta samu, Rabi'atu ta aika wa Fusena ta zo da hantsi. Tajudeen ya rufe shagonsa ya hau da faifan waje mai kyau, sabo a kwali, ya ajiye don a kwashe mutanen a ciki. Ɗakin yana warin dalma. Na'urar tana kwance a buɗe, cikinta a waje, an kafa mata fanka.

Rabi'atu ta yi bisimilla ta danna. Shiru. Sai gilashin ya yi fari-fari, ya kawo haske. Fusena ta matso kusa.

Na'urar ta nemi kalmar sirri. Suka dubi juna. Fusena ta miƙa yatsa ɗaya ta rubuta sunan uwarta. Ta buɗe.

Ga su nan a jere, ɗaki bayan ɗaki, kamar lungun gidansu. Sunayen mutanen da ta sani tun tana yarinya, wanda ya yi mata huɗuba, wadda ta yi mata kitson salla, mai rake na bakin masallaci. Rabinsu ba ta ma san sun rasu ba. Ta gangara ƙasa har ta ga inda aka rubuta: Ɗakin Mma.

Ta danna. Farin fili. Ba komai.

Ta fita ta sake shiga. Ta sake. Ɗakin yana nan da sunansa, an share shi tas, ko tabarma babu.

"Innalillahi," in ji Rabi'atu a hankali, ta dafe baki. "Ashe shi ne."

"Shi ne me?"

"Da damina, ran da Alhaji Kadiri ya rasu, Mutala ya hau nan a guje. Ya ce na'urar ta cika, ga taron addu'a da za a yi kwanaki ana yi, in ƙara masa ɗaki. Na ce ba a ƙara wa wannan. Ya ce in yi dabara, ai ba gidan da ba a ƙara wa ɗaki. Na ce wannan shi ne. Na ce ya jira in samo masa faifan waje na kirki, ya ce gawa ba ta jira. Ya sauka ya saya a hannun masu talla a bakin titi."

"Jabu," in ji Tajudeen da ƙaramar murya.

"Jabu. Irin wanda ke nuna maka ciki kamar rumbu alhali bai fi cokali ba. Kana zubawa yana nuna ya karɓa, yana taka na baya da na gaba. Mutala ya kwashe ɗaki ɗaya ya zuba a ciki, ya ga sunaye sun fito, ya goge na cikin na'urar don baƙo ya samu wuri. Bayan kwanaki ya dawo mini da faifan, fuskarsa kamar toka. Na yi iyakar yina, ba abin da ya fito sai hayaniya. Na tambaye shi ɗakin wa ya fitar. Ya ce na gida. Ya ce ai ba a fitar da baƙo." Ta share ido da bayan hannu. "Wallahi ban san maganar Mma ce ba. Bai faɗa ba."

Fusena ta ji duk goben nan sun dawo mata a lokaci ɗaya. Huta tukuna. Ba caji. Ana jira a Madina. Mutumin da ke cin tuwo a gabanta yana kallon kwano. Ta so ya tashi daga kabari ta shaƙe shi, ta so ya tashi ta riƙe masa kai. Kakansu ya koma zaure da iyalinsa, amma zauren yana nan, da safe kowa ya tashi. Shi kuwa ya fitar da uwarsu zuwa zauren da babu shi.

"Abin da aka goge ana nemo shi," ta ce. "Na sha jin Yaya yana faɗa."

"A tsofaffin faifai, e. Waɗannan sababbin, kana gogewa suke bi da tsintsiya. Akwai manhajar da zan iya sawa ta laluba, amma za ta daɗe tana yi, za ta dafa farantin, kuma ban taɓa ganin ta samo komai a irin wannan ba. Taɓa nan ki ji."

Fusena ta kai yatsa kusa da farantin ta janye. Kamar gefen murhu.

"Ba za ta kai azahar ba," in ji Rabi'atu. "Ko mu laluba ɗakin Mma, ko mu fitar da sauran. Ba za ta ɗauki biyun ba. Ke ce mai gado, Sista."

Ba ta taɓa ganin ta samo komai ba. Amma ba ta ce ba ya yiwuwa ba. Fusena ta riƙe wannan 'yar tazarar kamar mai riƙe bakin rijiya. Wa zai sani? Za ta sauka ta ce wa Malam na'urar ta ƙi tashi, Tajudeen ba zai tona ta ba, Rabi ma haka. Mutanen nan sun ji muryoyin mamatansu, sun yi sallama da su, sun wanke su da hannunsu. Ita kaɗai ce aka bari a bayan kwandon shara a ƙasar wasu.

Ta dubi farin filin. Gunagunin nan ya taso mata, yanzu ba sai ta kara kunne ba, mutane cunkushe a lungu suna jiran a buɗe ƙofa. Ta ga Hajiya Lariba tana hawa dakalin gidansu da sanda, taki ɗaya, hutu ɗaya. Ta kuma san abin da Mma za ta ce in ta ji an bar baƙi da yunwa an tsaya neman kwanon 'yar gida.

"Fitar da baƙin," ta ce.

Rabi'atu ta jona faifan. Sunaye suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Tajudeen ya yage kwali yana yi wa farantin fifita da hannu biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana cewa, "Yi haƙuri, 'yar gari, ƙara kaɗan, ƙara kaɗan," kamar mai lallashin jaki a kan tudu. Fusena tana karanta kowane suna a fili in ya wuce, ba ta san dalili ba. Gidan Kotokoli ya fita. Mai rake ya fita. Alhaji Kadiri ya fita. Aka gama Nima aka shiga Maamobi.

Ladanin masallacin ƙasa bai kai ga kiran salla ba suka ji ɗan ƙas, da wani wari kamar gashi ya taɓa wuta. Gilashin ya yi baƙi. Rabi'atu ta yi ta fama har la'asar, ta canza wannan ta dasa wancan. Daga baya ta ajiye kayan aikinta ta mayar da murfin ta ɗaure notin duka, a hankali, yadda ake gyara wa mamaci likkafani. Gidaje da dama na Maamobi ba su fita ba. Suna ciki har yau, a liƙe da dalma, lafiyarsu lau, ba mai iya kai musu.

Malam Osumanu ya ce abin da aka iya an yi, sauran Allah ya ga niyya. Aka bi gida-gida aka mayar wa kowa nasa. Fusena da kanta ta kai wa Hajiya Lariba, jikan Hajiya ya jona a talabijin ya fita. A ɗakin Alhaji Kadiri ba addu'ar rasuwarsa kaɗai ke akwai ba, har da walimar dawowarsa daga Makka, shekaru kafin nan. Ga shi a farar alkyabba yana dariya, yana raba dabino. Hajiya ta miƙa hannu tana shafa gilashin.

Fusena ta tashi za ta ba ta wuri. Sai a cikin bidiyon, daga bayan rumfa, can bayan hayaniyar masu gaisuwa, wata murya ta tsaga taron.

"Kai! Yaron wa ne wannan? Ku ɗauke shi daga bakin wuta kafin in tuƙa da shi!"

Fusena ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Kyamarar ba ta juya ba, tana kan Alhaji. A gefen hoton dai akwai hayaƙi, da gwiwar hannu tana sama tana ƙasa da muciya. Wata mata ta ce, "Zelia, ina labarin 'yarki ta ƙasar Larabawa?" Muryar ta ce, "Fusena? Tana nan zuwa. In ta dawo ƙanzon tukunyar nan duk nata ne, kowa ya cire ido." Aka yi dariya. Sai mai lasifika ya fara kirari, ya rufe komai.

"Hajiya, a mayar baya."

Aka mayar. Aka sake mayarwa. Hajiya Lariba ta bar kallon mijinta ta koma kallon yarinyar, sannan ta ce, "Uwarki ta yi girki a kowane gida a unguwar nan, 'yata."

Shi ke nan abin da take yi a ƙofofinku. Mutala ya fitar da Mma daga ɗakinta, amma tana bayan rumfar kowa. A wani gida Fusena ta samu dariyarta. A wani ta samu tari, da faɗa a kan gishiri. A wani taron suna ta ji ta tana rera wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa tana kwashe tuwo. Maganar da aka bar mata ta ji a zaune, ba za ta taɓa jin ta ba, ta kuma sani. Na'urar da take rungume da ita ba ta da amfani ga kowa, amma ta ce ba za ta kai mutanen Maamobi bola a ƙone su don a ciri tagulla ba. Ta ce da rana tsaka har yanzu suna magana, sai dai sun ragu.

Tajudeen yana nan yana sayar da siraran, don su ke zuwa a kwantena. Yanzu yakan gaya wa mai saye gaskiya: ba a ƙara mata, ba a zare mata, in ta mutu ta tafi da abin da ke ciki. Kun san amsar da kuke ba shi? Kuna tambaya ko akwai mai launin zinariya. Mu da muka gaji gidajen da ba a taɓa cewa babu wuri ba, mu ne muke layi muna sayen gidan da aka toshe tun daga masana'anta, mu zuba iyayenmu a ciki, mu jona a bango mu tafi. In abin ya faru mu ce ƙaddara, mu ce Kuwait ta taɓa wa wata kai.

In ta yi sallama gobe, ku shimfiɗa mata tabarma ku kunna mata, ku rage surutu ta ji. Yau ɗin nan kuma, kafin a sake ɗauke wuta, ku fitar da muryoyin mutanenku daga na'urar da suke ciki, ku ajiye a wuri biyu, ku buɗe ku tabbata suna nan kafin ku goge komai. Ran da kuka je sayen kwamfuta, ku sa mai shago ya kifa ta a gabanku, ku tambaye shi: ana ƙara mata ɗaki? In ta mutu, ana fitar da mutanena? In ya fara yi muku zancen sirantaka da launi, ku ajiye masa abarsa a kan tebur ku fita.